Aisi a hannun wanda ba ka yarda da shi ba

Tirelar da ta ɗauko tumatir ko albasa daga Kano ko Sakkwato ta nufo kasuwar Mile 12 ta Legas tana yin kwanaki ba ta gaban mai ita. Shi ya sa masu motoci suka rungumi tiraka, ɗan akwatin nan da ake ɓoyewa a bayan dashbod yana faɗin inda mota take. Wata tana auna man da ya rage a tanki, wata har tana iya datse mai idan an sace motar. Yawancinsu daga China ake shigo da su, amma kayan haɗa su sun yi arha, har ta kai matashin da ya taso a Agege ko Idi-Araba ya karanta lantarki zai iya zana nasa bod ɗin, ya rubuta manhajarsa, ya kai wa Alhaji mai tireloli ya ce a gwada. Haka abin yake ga masu haɗa sola ta biya-sannu-sannu, da masu haɗa abin auna man janareta.

A tsakiyar kowane irin wannan bod akwai maikirokontirola. Ɗan ƙaramin aisi (IC) ne, irin baƙaƙen 'yan gutsattsarin nan masu ƙafafu da ke manne a bod, amma cikakkiyar kwamfuta ce: akwai ƙwaƙwalwar da ke aiwatar da umarni, akwai ma'adanar filash inda manhaja ke zaune ko an ɗauke wuta, akwai RAM na aikin ɗan lokaci. Kewaye da waɗannan akwai sassan gefe, wato sashen da ke magana da modem ɗin layin waya, da wanda ke karɓar bayanin GPS, da masu ƙirga lokaci, da mai lura da ƙarfin wuta, da mai sarrafa ƙafafun aisin. Kowane sashe yana da rajistocinsa, 'yan guraben da ake rubuta 0 ko 1, wato bit, don a kunna abu, a kashe shi, ko a zaɓi yadda zai yi aiki. Littafin bayanin aisi ɗaya daga dangin STM32 na kamfanin ST yakan wuce shafi 1,000, kuma mafi yawansa bayanin waɗannan rajistoci ne.

Idan ana hirar tsaro, tambayar farko da ake yi wa mai haɗa na'ura ita ce wane tsarin ɓoye bayanai ya saka. Ya ce AES mai bit 128 ko 256, kowa ya gyaɗa kai, a wuce. A ganina nan ake ɓatan kai. Ba wanda ke zama ya fasa AES da lissafi, a Alaba ne ko a Amurka. Makullin ake cirowa daga inda aka ajiye shi, kuma abin da ke hana hakan ko ya ba da dama 'yan bit ne a rajistocin sassan gefe, waɗanda sau da yawa ake barinsu yadda suka zo daga masana'anta. Ita kuwa masana'anta a buɗe take turo aisi, domin so take ka fara aiki da shi ba wahala.

Legas ta ƙara wa matsalar nauyi. Na'urar tana zaune ne a hannun wanda zai amfana idan ta daina faɗin gaskiya: direban da ke son sauke jarka biyu ta gas a hanya, ko mai solar da ke son ta ci gaba da ba da wuta bai biya na wata ba. Ga shi kuma gwaninta a nan ba ta da tsada. A Computer Village ta Ikeja, ɗaga aisi daga bod da iska mai zafi a mayar da shi aikin kullum ne, yara masu koyon aiki ma suna yi. Ba cewa nake masu gyara ɓarayi ba ne, halal ɗinsu suke nema. Abin lura shi ne hannun da ya iya wannan aiki yana nan kusa, kuɗin danfo ɗaya zai kai ka wurinsa. Wanda ya zana na'ura da zaton ba mai buɗe ta, ya yaudari kansa.

A fara da ƙofar gwaji. Aisin dangin Arm Cortex-M yana da hanyar da mai rubuta manhaja ke shiga ya tsayar da ƙwaƙwalwa, ya karanta ma'adana, ya zuba sabuwar manhaja. Tsohuwar hanyar ita ce JTAG, wadda aka tsayar da ƙa'idarta tun 1990. Wadda aka fi amfani da ita yanzu SWD ce, mai buƙatar waya biyu kacal bayan ta ƙasa, ɗaya ta bayanai, ɗaya ta bugun agogo. A STM32 ƙafafun PA13 da PA14 ne, kuma abin haɗawar, ST-Link na kwaikwayo, ba ya fin ƙarfin aljihun ɗalibi. Idan ƙofar nan a buɗe take, kwashe duk abin da ke filash, da manhaja da makulli da adireshin uwar garke, aikin daƙiƙu ne. Wasu sukan kankare lambar aisin, ko su ƙi saka filogin gwaji a bod. Ɓata wa mai nema ɗan lokaci ne kawai, tunda ƙafafun aisin suna nan a fili. Wasu kuma sukan sa manhaja ta mayar da PA13 da PA14 ƙafafu na yau da kullum da zarar ta tashi. Wannan ma ba rufewa ba ce, don mai haɗawa zai danne aisin a halin sake-tashi, ya shige kafin manhajar ta aiwatar da layin farko.

Rufewar gaskiya tana cikin wasu gurabe na musamman da ake kira baitocin zaɓi. A yawancin STM32 kariyar karatu mataki 3 ce. Idan an rubuta lambar 0xAA a gurbin, mataki na 0 ke nan, komai a buɗe. Idan an rubuta 0xCC, mataki na 2, ƙofar gwaji ta mutu, baitocin zaɓi sun daskare, kamfanin ST da kansa ba ya buɗewa. Duk wata lamba da ba waɗannan biyu ba tana nufin mataki na 1: ana iya haɗawa, amma filash ba ya karantuwa, kuma wanda ya nemi komawa mataki na 0 sai an share filash ɗin kaf tukuna.

Mataki na 1 kowa ke so, domin yana barin hanyar gyara. Sai dai yana da ramin da ba a cika lura da shi ba: a tsofaffin dangogin, RAM yana karantuwa. Makullin da manhaja ta ɗauko daga filash ta ajiye a RAM don ta yi aiki da shi yana nan a gaban mai ST-Link. A 2017 Johannes Obermaier da Stefan Tatschner na cibiyar Fraunhofer AISEC a Jamus suka nuna a kan STM32F0 cewa abin ya wuce nan. Akwai ɗan taƙi tsakanin lokacin da aka nemi karanta filash da lokacin da kariya ta farga, kuma ta wannan taƙi suka tsinto manhaja kalma-kalma. Suka kuma fasa murfin aisin suka haska masa hasken UV har bit ya juya. Duba yadda aka tsara lambobin: 0xCC ne kaɗai mataki na 2, saboda haka bit ɗaya ya motsa, an faɗo mataki na 1.

Hanyar da ta fi yaɗuwa yanzu ba ta buƙatar fasa murfi. Wuta ake tsinke wa aisi na ɗan lokacin da sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba, daidai sa'ad da yake karanta saitin kariyarsa wajen tashi, sai ya karanta ba daidai ba ko ya tsallake umarni. Ba a dacewa a gwajin farko. Inji ne ke ta maimaitawa yana matsar da lokacin har a dace. A Janairun 2020 masu binciken kamfanin Kraken suka nuna cewa da wannan dabara, cikin kimanin minti 15 da na'ura a hannu, ana iya ciro sirrin jakar kuɗin kirifto ta Trezor, wadda STM32 ne a cikinta a mataki na 2. A shekarar ne kuma wani mai bincike da ke amfani da sunan LimitedResults ya buɗe ƙofar gwajin aisin nRF52 na kamfanin Nordic ta wannan hanya, bayan a 2019 ya ciro makullan aisin ESP32 na kamfanin Espressif. Kamfanonin biyu sai da suka fitar da sabon zubin aisi, domin manhaja ba ta gyara aibin da ke cikin siliki. Gyaran Nordic ya burge ni. A sabon zubin ƙofar a rufe take tashi, manhaja ce za ta buɗe ta da gangan, don haka idan aka girgiza wuta aka tsallake umarni, buɗewa aka tsallake.

Wannan bai nuna kariyar karatu ba ta da amfani ba. Tana mayar da aikin daƙiƙu ya koma aikin wanda ya san abin da yake yi, mai kayan aiki da haƙuri, kuma direban da ke son sauke gas ba zai je wannan nisa ba. Amma wanda ke son kwafar na'urarka ya riƙa sayarwa, ko ya riƙa buɗe wa mutane sola yana karɓar kuɗi, zai je, tunda sau ɗaya zai sha wahalar. Tambayar da ta fi kowace nauyi ke nan: ranar da aka buɗe guda ɗaya, me aka samu? Idan makulli ɗaya ka zuba a duk na'urorin da ka sayar, an samu kasuwancinka baki ɗaya. Idan kowace da nata makullin, na'ura ɗaya aka samu.

Misalin yana manne a bangon gidajenmu. Yawancin mitocin kati na Ikeja Electric da na Eko suna aiki da tsarin STS, wanda ya samo asali daga Afirka ta Kudu. Lambobi 20 da kake saya an ɗaure su da makullin mitarka ita kaɗai, wanda aka samar daga babban makullin da ke killace a wurin mai sayar da wuta haɗe da lambar mitar. Shi ya sa katin maƙwabcinka ba ya shiga taka. A cikin lambobin kuma akwai shaidar lokaci da ke hana a saka kati ɗaya sau biyu: ƙirgen mintoci ne tun daga 1 ga Janairun 1993, a gurbi mai bit 24. Gurbin mintoci 16,777,216 yake ɗauka, kusan shekara 32, shi ya sa ya cika ranar 24 ga Nuwamban 2024, kuma shi ne dalilin da aka yi ta kiran mutane su saka lambobin sauya makulli kafin ranar. Mai tsara umarnin "datse mai" ko "buɗe sola na kwana 30" yana buƙatar duka biyun, makulli na kowace na'ura da ƙirgen da ba ya komawa baya, don kada a naɗi saƙon jiya a sake turo shi yau. Kwatanta da abin da kamfanin BitSight ya bayyana a 2022 game da tirakar MV720 ta MiCODUS, wadda ita ma ke datse mai: tana zuwa da kalmar sirri 123456, ga kuma wata babbar kalmar sirri guda da aka dasa mai ba da iko a kan na'urorin. Wannan ko iska mai zafi ba ta buƙata.

Akwai tarko a wajen samar da makullin. STM32 yana da lamba ta musamman mai bit 96, sai wasu su ce ga makulli kyauta. Lambar ba sirri ba ce. Ta ƙunshi lambar zubi da matsayin aisin a kan faifan siliki, don haka waɗanda aka saya tare lambobinsu makusanta ne. Ta isa a yi wa na'ura suna da ita, iyakarta ke nan. Makulli daga sashen samar da lambobin ba-zata ya kamata ya fito, wanda ke ɗibar hayaniyar lantarki ta cikin aisi, kuma ba kowane aisi ke da shi ba. STM32F103, na kan shuɗin bod ɗin nan mai arha da kusan kowa ya koyi aiki a kansa, ba shi da wannan sashe, ba shi kuma da mataki na 2. Ya yi kyau a aji, bai dace da abin da ke riƙe da kuɗin mutane ba. Waɗanda ke da sashen suna da tutocin kuskure, ta agogo da ta tushen hayaniyar, kuma dole manhaja ta duba su kafin ta karɓi lamba. A 2021 masu binciken Bishop Fox suka nuna a taron DEF CON cewa manhajoji da yawa ba sa dubawa, sai su karɓi sifili ko abin da ya rage a ma'adana su yi makulli da shi. ESP32 nasa sharaɗin daban ne: lambobinsa ba sa zama na ba-zata na gaskiya sai rediyon Wi-Fi ko Bluetooth yana kunne, ko an kunna masa wani tushen hayaniya da gangan. Kada a raina wannan. A 2010 aka ciro makullin sa hannun PlayStation 3, wato makullin da ke buga hatimin tabbatar da cewa manhaja ta kamfanin ce, saboda Sony ya riƙa maimaita lamba ɗaya a wurin da kowane sa hannu ke buƙatar sabuwa.

Daga nan sai wayoyin da ke fita daga aisi. Tiraka takan yi amfani da layin UART biyu, wato wayoyin da aisi ke musayar saƙo da wata na'ura ta kansu, ɗaya zuwa GPS, ɗaya zuwa modem. GPS rubutu ne a fili yake turowa, modem ma da umarnin AT a fili ake magana da shi. Idan modem ne ke ɓoye bayanai kafin ya tura, to tsakanin aisi da modem komai tsirara yake, kuma ɗan abin sauraron layi zai karance shi. Ya fi a ɓoye saƙo a kuma sa masa hatimi a cikin aisi, modem ya zama ɗan aike kawai. Haka ma'adanar filash ta waje a kan layin SPI: duk abin da aka rubuta mata a ɗauka an karanta, an kuma iya canzawa. Ko aisin tsaro na musamman irin ATECC608, wanda ke riƙe makulli a cikinsa ba ya fitarwa, ana iya ɓata amfaninsa idan aka tsara manhaja ta tambaye shi "wannan daidai ne?" ta jira eh ko a'a a kan wayar I2C, don amsar eh kowa na iya ƙirƙirarta. Layin UART na uku kuwa, wanda mai manhaja ke buga saƙonnin gwaji a kai, a kashe shi a manhajar sayarwa. Duk sashen da ba a amfani da shi kada a ba shi agogo ma. Ƙafar BOOT0, wadda ke shigar da aisi manhajar tashi ta masana'anta, a sababbin dangogi ana iya sa baitocin zaɓi su yi watsi da ita.

Wurin da ko gwanaye ke tuntuɓe shi ne DMA. Sashe ne da ke kwasar bayanai daga UART ya zuba a RAM ba tare da ya dami ƙwaƙwalwa ba. A gefe guda kuma akwai MPU, sashen da ke raba ma'adana yanki-yanki, har 8 a Cortex-M3 da M4, ya ce nan karatu kawai, nan ba a aiwatar da umarni, nan sai manhaja mai izini. Ya kamata a kunna shi, ko don hana aiwatar da umarni daga RAM kaɗai. Amma MPU kamar maigadin da aka ajiye a babban get ne: duk wanda ya biyo ta nan sai ya bincike shi, ba ruwansa da ƙofar baya da mai ruwa ke bi. Ƙwaƙwalwa kaɗai yake bincika, DMA ta baya yake bi. Idan manhaja ta ɗauki tsawon saƙo daga saƙon kansa ta miƙa wa DMA ba ta auna shi da girman wurin ajiya ba, wanda ya turo saƙon ya samu damar rubutu a kan abin da ke maƙwabtaka, MPU yana kallo. Kuma idan ɓangaren manhaja mara izini yana iya taɓa rajistocin DMA, zai sa shi ya kwaso masa makullin da aka hana shi karantawa. Don haka rajistocin DMA su ma a saka su cikin yankin da MPU ya killace. Ƙwaƙwalen Cortex-M23 da M33, waɗanda Arm ya sanar a 2016, sun zo da TrustZone, tsarin da ke raba aisi gida biyu, amintacce da wanda ba amintacce ba, kuma a STM32L5 da U5 ana iya yi wa kowane sashe da kowace tashar DMA alamar amintacce ko akasin haka. Kunna TrustZone kaɗai bai gama aikin ba, sai mai zane ya zauna ya bi sassan ɗaya bayan ɗaya.

Ƙafar da ke jan rilen datse mai ta cancanci kulawa ta daban, don a nan maganar rai ake. Lokacin da aisi ke tashi ƙafafunsa a sake suke, ba sama ba ƙasa, har sai manhaja ta saita su. Dole razista a kan bod ta riƙe ƙafar a matsayin da mai ke gudana. Bayan an saita ta, akwai rajistar kulle da ke hana canza yanayinta sai an sake tashi, ko da yake ba ta hana rubuta mata 0 ko 1. Kuma ko sahihin umarni ne ya zo, kada a aiwatar sai mota ta tsaya ko ta kusa. Tirela mai lodi ta mutu tana gudu a titin Legas zuwa Ibadan, asarar ta fi ta satar.

Wuta kuwa, ba sai an yi wa ɗan Legas bayani ba. Tsakanin wutar Nepa da janareta, ko faɗuwar batir lokacin tayar da injin tirela, aisi yana shan irin girgizar da mai kutse ke yi da gangan. Idan wuta ta yi ƙasa ana tsakiyar rubutu a filash, ƙirge ko saiti na iya lalacewa. STM32F4 yana da mai sake tayar da aisi idan wuta ta faɗi, mataki 3, wajen bolt 2.1 da 2.4 da 2.7, amma a kashe yake zuwa. Bod mai aiki da bolt 3.3 ba shi da dalilin ƙin ɗaukar na sama. Ba zai kama tsinkewar ƙiftawar ido ba, wannan sai dabarun manhaja: a duba sa hannu sau biyu ta hanyoyi daban, a saka jinkirin ba-zata, kada "gaskiya" ta zama duk abin da ba sifili ba. Agogon sa-ido mai zaman kansa, wanda ke sake tayar da aisi idan manhaja ta sandare, a sa baitocin zaɓi su tayar da shi tun kafin manhaja, a kuma riƙa sabunta shi daga babban zagayen aiki. Wanda ya sabunta shi daga katsewar mai ƙirga lokaci ya kashe amfaninsa, don wannan zai ci gaba da bugawa ko komai ya tsaya.

Ƙafar gano buɗe akwati tana da nata sirrin. Tana aiki da ƙaramin batir ko an cire babbar wuta, kuma da an buɗe murfi take share rajistocin ajiya. A STM32F4 guda 20 ne masu bit 32, sun ishi makulli mai bit 256 har da saura. Amma RAM ɗin ajiya mai kilobait 4 da ke kan wannan batir ɗin ba a share shi idan an buɗe, kuma mutum zai iya zuba makulli can yana zaton ɗaya ne. Danshin Legas da iskar teku suna cin makunnin da ke gano buɗe murfin, ramukan hanya suna girgiza shi, saboda haka a kunna tacewar da ke jiran karatu 2 ko 4 ko 8 a jere kafin ta yarda. In ba haka ba tiraka za ta share kanta a wani rami tsakanin Mokwa da Jebba, Alhaji ya kira ka da tsakar dare.

Sauran babban batu shi ne sabunta manhaja. Na'urar da ke kan hanya dole ta karɓi gyara ta layin waya, kuma wannan ita ce ƙofar da ba za a iya rufewa ba. A 2015 Charlie Miller da Chris Valasek suka kai ga birki da sitiyarin Jeep Cherokee daga nesa, kuma matakin da ya ba su wannan iko shi ne wani aisi na Renesas V850 da ke karɓar sabuwar manhaja ba tare da duba sa hannu ba. Sai da aka janye motoci miliyan 1.4. Maganin sananne ne: 'yar ƙaramar manhajar tashi, irin MCUboot, da ke duba sa hannun kowace manhaja kafin ta ba ta iko, tana ƙin tsohon zubi mai aibi ko da sa hannunsa sahihi ne. A cikin aisi makullin dubawa kaɗai ake ajiyewa, wanda saninsa ba ya ba kowa ikon sa hannu. Amma duk wannan banza ne idan ba a kunna kariyar rubutu a kan shafukan filash da manhajar tashin ke zaune ba, don wanda ya iya canza makullin dubawa ya zama shi ne mai sa hannu.

Jerin aikin ranar haɗawa yana da muhimmanci: a zuba manhaja, a gwada, a saka makullin na'urar, a kunna kariyar rubutu, kariyar karatu ta zo ƙarshe. Manhaja kuma ta riƙa duba baitocin zaɓi duk tashi, ta ƙi aiki idan ta same su a buɗe, domin yaron da ke zuba manhaja a bod 200 da yamma zai manta wasu. A ESP32 abin ya fi tsanani, tunda saitin tsaro a fiyus na cikin aisi ake ƙona shi, bit ɗin da ya zama 1 ba ya komawa 0, kuma ɓoye filash yana da yanayin gwaji da yanayin sayarwa. Na'urar da ta fita kasuwa a yanayin gwaji ba a rufe take ba.

A nan ne Alhaji zai yi tambayarsa: "To injiniya, in ta lalace a hanya wa zai gyara min?" Amsar gaskiya ita ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba a gyara ta, musanya ta ake yi." Mataki na 2 yana nufin idan manhajar tashi tana da aibi, aisin ya zama shara, kuma mai gyara a Ojota ko Zariya ba abin da zai iya. A garin da aka saba gyara komai wannan magana ba ta da daɗin ji, kuma dole kuɗin na'urorin musanya ya shiga farashi. Ra'ayina shi ne abin da ke datse mai ko yake riƙe da bashin mutane ya tafi mataki na 2, abin auna zafin ɗakin sanyi kuwa mataki na 1 ya ishe shi muddin makullinsa nasa ne shi kaɗai. STM32U5 ya kawo tsaka-tsaki, inda mai haɗawa ke dasa kalmar sirrinsa da za ta ba shi damar saukowa daga mataki, amma wannan kalma ita ma wani makulli ne da za a tsare.

Duk abin da aka faɗa ya dogara ne a kan cewa aisin da ke hannunka shi ne abin da aka rubuta a bayansa. A ƙarancin aisi na 2020 zuwa 2022 kasuwanni sun cika da masu maye gurbin STM32F103, wasu da sunansu na gaskiya irin GD32 da APM32 da CKS32, wasu kuma an goge an buga musu tambarin ST. Suna aiwatar da manhaja iri ɗaya, amma kariyarsu ba lallai ta yi aiki iri ɗaya ba. Wani bincike na 2020 da Obermaier ya yi da abokan aikinsa ya gwada irin waɗannan tare da na asalin, ya samu hanyar tsallake kariyar filash a kowannensu, kuma hanyoyin sun bambanta daga wannan zuwa wancan. Wanda ke sayen kaya a buɗaɗɗiyar kasuwa ba shi da takardar da za ta tabbatar masa, sai gwajin kansa: daga kowane kwali ya ɗebi 'yan kaɗan, ya karanta lambar shaidar aisin, ya kulle su, sannan ya zauna da ST-Link ya yi ƙoƙarin buɗewa ta duk hanyoyin da aka riga aka wallafa, kafin ya zuba makullin abokin ciniki a ko ɗaya daga cikinsu.